Inabin da aka ce daga Farisa ya zo, ashe ɗan ƙauyen Faransa ne

Akwai wani baƙin inabi da Turawa ke nomawa mai suna biyu, a Faransa ana ce masa Syrah, a baki kamar ka ce Sira, a Ostiraliya kuma Shiraz, kuma wannan suna na biyun shi ya jawo duk cece-kucen da zan yi magana a kai, don duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Musulunci ya san Shiraz birni ne a kudancin Iran, garin su Sa'adi da Hafiz mawaƙa. Tun kafin wani ya tare ni, eh na sani, inabin nan giya ake yi da shi, ba irin na ci ba ne da ake sayarwa a bakin titi lokacin azumi, kuma hukuncin giya a wurinmu ba abin ja-in-ja ba ne. Ni shukar ce ta ja hankalina, da yadda mutane suka daɗe suna jingina mata asalin da ba nata ba har sai da aka kai ganyenta ɗakin gwaji aka kashe maganar.

Gidansa na asali a Faransa wani siririn yanki ne a gaɓar kogin Rhône, daga garin Vienne da ke kudu da Lyon kaɗan har zuwa Valence, tafiyar kamar kilomita 70. A tsakiyar wannan yanki akwai wani tsauni da ake kira Hermitage a saman garin Tain, sunan na nufin wurin halwa, inda mai gudun duniya ke keɓe kansa. Labarin da mutanen wurin suka gada shi ne wai wani mayaƙi mai suna Gaspard de Stérimberg ya dawo daga yaƙin Salibiyya da rauni a jikinsa wajen shekarar 1224, ya hau tsaunin ya gina ɗan ɗakin ibada ya zauna, wai kuma ya zo da reshen inabi daga Shiraz ya dasa. Labari mai daɗi, sai dai yana da ramuka. Yaƙin da aka ce ya je ba na gabas ba ne ma, wanda aka yi ne a kudancin Faransa kanta da wata ɗariƙar Kirista da Paparoma ya ce sun kauce hanya. Ko da a ce gabas ɗin ya je, su mayaƙan Salibiyya a Sham da Falasɗinu suka yi zamansu, tsakaninsu da Shiraz akwai sama da kilomita 1,000 na hamada da duwatsu, wa zai tafi can ya yanko reshe ya dawo da shi Faransa bai bushe ba.

Da aka ga wannan bai zauna ba sai aka kawo wasu. Wasu suka ce Girkawan da suka kafa birnin Marseille wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa su suka zo da shi, wasu suka ce a'a daga Syracuse ne a tsibirin Sisili, sojojin Sarkin Rum Probus suka ɗauko shi a ƙarni na 3, wasu ma suka ce daga Siriya. Ka lura da abin da ya haɗa su duka, sauti ne kawai, Sira, Siriya, Sirakus, Shiraz, an dubi suna an nemo garin da ya yi kama da shi an ɗaura musu aure ba waliyyi. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda daga Bagadaza ba sai an yi mana dogon bayani ba kan yadda gabas ke ƙara wa asali kwarjini, toh ashe Bafaranshe ma haka yake ji. Abin da ya ƙara wa labarin Shiraz ƙarfi kuwa shi ne birnin da gaske ya yi suna da giyar inabi tun ƙarni na 9, 'yan kasuwar Turai ma sun riƙa fitar da ita a ƙarni na 17, amma matafiyan da suka bayyana ta galibi fara suka kwatanta, shi kuwa Syrah baƙi ne wuluk.

Kafin a gane yadda aka warware maganar sai an gane wani abu game da inabi wanda ni kaina shi ya fi ba ni mamaki. Inabi ba ya gadon uwarsa ta hanyar ƙwallo. In ka ci Syrah ka shuka ƙwallonsa abin da zai tsiro ba Syrah ba ne, wani sabon iri ne daban da ba a taɓa gani ba, kamar yadda ɗan mutum ba ya zama kwafin ubansa, kuma mai lambun mangwaro ya san wannan, shi ya sa ba ya dogara da ƙwallo in yana son ɗan aure mai kyau. Don haka duk mai son ya ci gaba da samun iri ɗaya sai dai ya yanki reshe ya dasa, irin yadda ake yi wa rogo da rake. Ma'anar wannan ita ce kowane irin inabi mai suna ya faro ne daga ƙwallo ɗaya tak da ya tsiro wata rana a wani wuri, wani ya ɗanɗana ya ga ya yi masa, ya yanki reshe, maƙwabci ya roƙa shi ma ya yanka, haka haka. A shekarar 2015 Syrah ya kai kusan hekta 190,000 a duniya bisa ƙididdigar hukumar inabi ta duniya, Faransa na da kamar 64,000, Ostiraliya kamar 40,000, kuma dukkansu in ka bi salsala jikin shuka ɗaya ne aka yi ta yankawa ana dasawa shekara ɗaruruwa. Shuka ɗaya fa.

Tunda ƙwallo ɗaya ne toh yana da uwa ɗaya da uba ɗaya, kuma ana iya gano su da gwajin ƙwayar halitta, irin gwajin DNA da ake yi in an yi musun ɗa. A ƙarshen shekarun 1990 wata farfesa a jami'ar Kalifoniya da ke Davis mai suna Carole Meredith ta haɗa kai da masana na Montpellier a Faransa, cikinsu har da Jean-Michel Boursiquot, su Faransawan suna da wata gonar ajiya a bakin teku inda suka tara dubban ire-iren inabi har da waɗanda manoma suka daina shukawa. Aka yi ta gwada Syrah da su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ya fito bai yi wa masu son labari daɗi ba. Uban wani baƙin inabi ne mai suna Dureza daga yankin Ardèche, wato tsallaken kogin daga tsaunin Hermitage ɗin nan, uwar kuma farin inabi ce mai suna Mondeuse Blanche daga Savoie wajen duwatsun Alps. Babu Farisa, babu Sisili, babu Sham. Iyaye biyu 'yan ƙauye da ko a Faransa ba kowa ya taɓa jin sunansu ba, kuma ba a taɓa samun shaidar an noma su a wani wuri mai nisa da wannan kusurwa ta kudu maso gabashin ƙasar ba, kenan a nan suka haɗu, mai yiwuwa a wata tsohuwar gona da aka cakuɗa iri daban-daban, ƙurar furen wannan ta faɗa kan furen waccan. Ba wani masani da ya tsara auren, hatsari ne kawai na gona.

Wani zai ce yaya farar uwa ta haifi baƙin ɗa haka, amsar ita ce a inabi launin baƙi shi ke rinjaye, in ɗaya cikin iyaye ya ba da shi ya isa. Daga baya a 2006 wasu masu bincike a Italiya suka ƙara tono dangin, suka nuna Dureza ɗan'uwan wani inabin arewacin Italiya ne mai suna Teroldego, kuma akwai alamar Pinot, tsohon inabin Burgundy, uban kaka ne ga Syrah. Shi gwajin yana faɗin waye ya haifi wa amma ba ya faɗin yaushe, shi ya sa masu cewa inabin da marubucin Rum Pliny ya yaba a yankin Vienne a ƙarni na 1 shi ne Syrah suke magana ba tare da hujja a hannu ba.

Toh mu zo kan halinsa. 'Ya'yansa ƙanana ne masu ɗan tsawo kamar ƙwai, baƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma in ka matse ɗaya ruwan da zai fito kusan fari ne, duk launin yana cikin ɓawo. Wannan ne ma bambancin jar giya da fara, a ja ana barin ruwan ya tsimu tare da ɓawon na kwanaki ko makonni har ya rine. Sinadarin da ke ba da launin dangi ɗaya ne da wanda ke sa zoɓo ja. A ɓawon da ƙwallon kuma akwai wani sinadarin mai bauri, wanda ke kama maka baki in ka ci goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, irinsa ne ke cikin bagaruwa da majema ke jima fata da ita, kuma shi ke sa giyar Hermitage ta iya zama a kwalba shekara 20 ko 30 ba ta lalace ba. Saboda wannan ƙarfi da duhun launi ne ma a ƙarni na 18 da na 19 'yan kasuwar Bordeaux, wani yankin Faransa da ya yi suna da giya, duk da taƙamarsu, suke sayen ta Hermitage su zuba a tasu in shekara ta zo musu da rauni.

Amma abin da aka fi saninsa da shi ƙamshin masoro ne. Masu ɗanɗanawa sun daɗe suna cewa suna jin masoro a ciki, tare da zaitun da wani abu kamar naman banda, wasu kuma suna musu suna cewa iyayi ne kawai na masu son nuna sun iya. A 2008 cibiyar binciken giyar inabi ta Ostiraliya da ke Adelaide ta gano sinadarin da ke jawo hakan, sunansa rotundone, kuma ashe shi ɗin ne dai ke cikin masoron Turawa na gaske, ba kama ba ce, abu ɗaya ne. Ƙarfinsa ya wuce misali, nanogiram 16 a lita ɗaya ya isa hanci ya kama shi, wato kamar ka ɗiga ɗigo ɗaya a babban tafkin ninƙaya na gasar Olamfik. Abin dariyar shi ne a gwajin sun tarar kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshin sam ko an ninka masa shi sau ɗaruruwa, kaga masu musun nan ba ƙarya suke ba, hancinsu ne bai da wannan ƙofa. Sunan sinadarin ma daga wata ciyawa aka samo shi da manomanmu suka sani sarai, dangin aya ɗin nan mai naci da ake kira aya-aya wadda in ka nome yau jibi ta dawo, a cikin 'yan ƙwayoyin saiwarta aka fara gano shi tun shekarun 1960.

Shi wannan sinadari a ɓawo yake taruwa, kuma ya fi yawa a wuri mai sanyi da shekara mai sanyi da nonon inabin da ganye ya yi wa inuwa. A nan ne maganar suna biyu ta fara ma'ana. A arewacin Rhône inda ake da sanyi-sanyi masoron na fitowa sosai, ƙarfin barasar galibi wajen kashi 13 cikin 100, a kwarin Barossa na Ostiraliya kuwa inda rana ke duka sosai sukari na taruwa da yawa, barasar ta kai 14.5 ko 15, masoron ya ja baya, ɗanɗanon ya koma na 'ya'yan itace da suka nuna luguf. Shuka ɗaya ce amma ƙasa da rana sun raba musu hali, har ta kai yanzu mai gona a Afirka ta Kudu ko Chile in ya rubuta Syrah a kwalba yana nufin ya bi salon Faransa, in ya rubuta Shiraz yana nufin salon Ostiraliya.

A gona kuma ba shi da sauƙin kai. Yana da saurin girma, rassansa dogaye ne masu saurin karyewa, ga shi kwarin Rhône na da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga arewa, shi ya sa a gangaren Côte-Rôtie da ke arewacin kwarin, wanda sunansa ke nufin gangaren da rana ta gasa, kowace shuka ake kafa mata sanduna a ɗaure ta. Gangaren kansa tsaye yake kamar bango, an yi masa matakala da jeren duwatsu, tarakta ba ta shiga yawancinsa sai da hannu. Lokacin girbinsa gajere ne, in ka makara da 'yan kwanaki 'ya'yan sun fara yamushewa suna neman zama zabibi. Masu bincike sun kuma kwatanta shi da Grenache, abokin zamansa a kudancin Faransa, suka ga in fari ya zo Grenache na rufe 'yan ƙofofin numfashi na ganyensa ya yi tattalin ruwa, shi kuwa Syrah sai ya ci gaba da sha kamar ba gobe, almubazzari ne dai. Wani abin kuma, kowane yanki na da dokar yadda za a haɗa giyar da ke ɗauke da sunansa, dokar Côte-Rôtie ta yarda a haɗa shi da farin inabi Viognier har kashi 20 cikin 100, ta Hermitage ta yarda da kashi 15 na wasu fararen biyu, ta Cornas, wani yankin a gaɓar kogin, ta ce a'a shi kaɗai zalla, kuma masu sana'ar na cewa ɗan farin nan ba ya dusashe launin, kama shi ma yake ya zauna.

Yadda ya je Ostiraliya kuwa a rubuce yake, ba tatsuniya. Wani ɗan Sikotland mai suna James Busby ya zaga gonakin Sifaniya da Faransa a 1831 ya tara rassa ɗaruruwa, suka isa Sydney a 1832, cikinsu har da na tsaunin Hermitage, shi ya rubuta sunan Scyras, kuma shi ma ya kwafo labarin nan na cewa daga Shiraz ta Farisa wani mai halwa ya kawo shi. A bakin manoman can sunan ya rikiɗe ya zama Shiraz, wasu kuma suka riƙa ce masa Hermitage kawai har ƙarshen shekarun 1980 lokacin da kare sunayen yankunan Faransa ya sa dole aka bari. Giyar da ta fi kowace suna a ƙasar, Grange ta kamfanin Penfolds, da Grange Hermitage ake ce mata. Mai haɗa giyar kamfanin, Max Schubert, ya fara gwada ta a 1951, shugabannin kamfanin suka ɗanɗana suka ce ba ta yi ba suka hana shi a 1957, ya ci gaba da yi a ɓoye shekara uku har suka dawo suka ba shi izini a 1960.

Ga inda abin ya juya. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro kamar kwarkwata mai suna phylloxera ya shigo Turai daga Amurka a jikin shuke-shuken da aka shigo da su, a kudancin kwarin Rhône ɗin nan ma aka fara ganin ɓarnarsa, yana cin saiwa shukar ta mutu a tsaye, ya cinye mafi yawan gonakin inabin Faransa kafin ƙarshen ƙarnin. Maganin da aka samu shi ne aure, a ɗauki saiwar inabin Amurka da ta saba da ƙwaron a ɗaura mata reshen na Turai a sama, kuma har yau kusan duk Syrah ɗin da ke Faransa a kan aron saiwa yake tsaye. Jihar Kudancin Ostiraliya kuwa, inda Barossa take, ƙwaron bai shige ta ba, sun kafa dokar killace gonaki tun 1899, don haka a Barossa akwai gonar Langmeil da aka dasa a 1843 da ta Turkey Flat ta 1847, suna nan da ransu kan saiwarsu ta asali suna ba da 'ya'ya. Wato in kana neman tsofaffin itatuwan wannan inabi na Faransa ba Faransa za ka je ba. Kuma saura ƙiris a yi asararsu, don a shekarun 1980 kasuwar jan inabi ta faɗi har gwamnatin jihar ta riƙa biyan manoma kuɗi su tuge gonakinsu, tsofaffi da yawa sun tafi a haka kafin duniya ta waiwayo.

A Faransa ma ba kullum yake da farin jini ba, a ƙarshen shekarun 1950 duk ƙasar bai kai hekta 2,000 ba, gangaren nan masu wahala matasa na gudunsu suna tafiya aikin masana'anta. Daga shekarun 1970 ne aka bazama dasa shi a kudu, a Languedoc da kudancin Rhône, don a gyara giyar yankin da ta yi suna da araha. Wannan gaggawa ta zo da nata ciwon, daga shekarun 1990 manoma suka fara ganin wata cuta da ta fi kama Syrah, daidai gaɓar auren sai ta kumbura ta tsage, ganye ya yi ja tun kaka ba ta yi ba, shukar ta mutu, kuma bincike ya nuna wasu zuriyoyin reshe da aka fi yaɗawa su suka fi kamuwa, dole aka daina raba su aka koma neman wasu a tsofaffin gonaki.

Iyayen nasa kuwa ba su ci arzikin ɗansu ba. Mondeuse Blanche a ƙarshen ƙarnin da ya wuce kamar hekta 5 ta rage a Faransa gaba ɗaya, Dureza kuma ya kusa ɓacewa ƙaf, ba don gonar ajiyar nan ta masanan Montpellier ba da babu ma abin da za a gwada a gane shi ne uban, sai bayan sakamakon ya fito ne wasu manoma ƙalilan a arewacin Rhône suka fara sake dasa shi. Can Shiraz ta Iran kuma, tun juyin juya halin 1979 aka haramta sana'ar giya, inabin da ake nomawa a lardin Fars yanzu na ci ne da na zabibi, sunan birnin kuwa yana nan manne a jikin miliyoyin kwalabe daga Barossa.